BUK, ABU, Jami'ar Jiha, Ta Kuɗi Ko IJMB: Ina Ɗan Kano Ya Fi Samun Gurbi?

Duk shekara idan sakamakon JAMB ya fito, ba na rasa baƙi bayan sallar Magariba. Uba zai zo da ɗansa, ko yaya ya zo da ƙanwarsa, a miƙo mini waya a ce, "Malam, duba mana, da wannan makin za a samu likitanci a BUK?" Shekarun da na yi ina koyarwa a sakandare a cikin birnin nan sun nuna mini wani abu da yake damuna ƙwarai. Da yawa daga cikin yaran da suke zaman gida shekara biyu ko uku masu ƙoƙari ne. Makin da ke hannunsu zai iya buɗe musu ƙofa uku, sai su je su tsaya a bakin ta huɗu, wadda aka riga aka cika. Saboda su na zauna na jera hanyoyin nan guda biyar, don a gan su kusa da juna kafin a kai kuɗi wurin sauya zaɓi.

Mu fara da sanin inda makinka ya tsaya a cikin taro. Jarabawar JAMB, wato UTME, maki 400 ce, darussa huɗu, Turanci dole. A 2025 kusan mutum miliyan 1.9 suka zauna mata, fiye da miliyan 1.5 suka samu ƙasa da 200, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba. Wato mai 230 yana gaban mafi yawan waɗanda suka zauna mata. Sai dai masu neman likitanci, harhaɗa magunguna, aikin jinya da lauya daga cikin wannan ƙaramin rukuni na sama suke fitowa, kuma kusan dukkansu wuri guda suke nufa. A nan 230 ɗin take komawa ƙarama.

Akwai kuma makin da ake sanarwa a rediyo, wanda yake ruɗa iyaye. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, a 2024 kuwa 140 ne. Wannan izinin shiga layi ne kawai. Kowace jami'a tana da nata, kowane sashe kuma yana tsayawa ne inda guraben da ke hannunsa suka ƙare.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko, dama: da makin da ke hannunka da jihar da ka fito, yaya yiwuwar sunanka ya fito? Na biyu, kuɗi, kuma ba na rajista kaɗai nake nufi ba, har da na mota, abinci da wurin kwana na tsawon shekara huɗu zuwa shida. Na uku, ƙarkon takardar: shin hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin, kuma hukumar sana'ar, irin su MDCN ta likitoci, COREN ta injiniyoyi ko majalisar koyar da aikin lauya, ta san da shi? Na huɗu, sauƙin rayuwa ga ɗan cikin gari. Na biyar, haɗari: yajin aiki, asarar shekara, ko faɗawa hannun 'yan damfara.

Kafin ma'aunan nan su yi aiki, akwai sharaɗin da ya hau kan kowa: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da Lissafi, a zama bai wuce biyu ba, likitanci kuwa galibi zama ɗaya ake nema. Haɗin darussan JAMB ma dole ya dace. Mai son likitanci zai rubuta Turanci, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya zai sa Lissafi a gurbin Bayoloji. Mai son lauya yana buƙatar Adabin Turanci, kuma na ga yara masu maki mai kyau sun faɗi a kan wannan kaɗai, don makarantarsu ba ta da malamin darasin, babu kuma wanda ya faɗa musu tun suna aji huɗu.

Jami'ar Bayero

Ita ce burin kusan kowane gida a Kano, kuma da dalili. Ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana da tsohon matsuguni kusa da Kabuga, sabo a kan titin Gwarzo, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya inda ɗaliban lafiya suke samun horo. Takardarta ba ta buƙatar dogon bayani a ko'ina.

Yadda jami'o'in tarayya suke raba gurabe shi ne: kashi 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina a ƙasa, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko. Kano tana cikin kewayen BUK, tana kuma cikin wancan jeri na uku. A kan takarda, ɗan Kano yana da ƙofa uku ke nan. Wannan ne yake sa iyaye su ce, "Ai jami'ar garinmu ce." Abin da ake mantawa shi ne yawanmu. Kewayen ya haɗa da maƙwabta irin su Jigawa, Katsina da Kaduna, kashi 20 ɗin nan kuma da jihohi fiye da ashirin ake raba shi. A cikin rabon Kano, abokan takararka su ne zaratan makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, da 'yan makarantun kuɗi na Nassarawa, da waɗanda suka rubuta JAMB sau biyu suka gane kanta. Zama ɗan Kano yana taimako sosai a kwasa-kwasan da ba a cika rububinsu ba. A likitanci taimakonsa kaɗan ne, domin MDCN ce take ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta ɗauka gwargwadon malamai da gadajen asibitinta, kuma jami'ar ba ta da ikon ƙarawa ko da masu 300 sun cika harabarta. Haka lauya take da nata ƙayyadadden adadi, wanda yake da alaƙa da guraben makarantar horar da lauyoyi, irin reshenta da ke Bagauda.

Ra'ayina, kuma na daɗe a kansa: idan makinka yana tsakanin 200 da 240 kuma zuciyarka tana BUK, ka nemi kwas ɗin da makin zai ɗauka tun daga farko. Kimiyyar zalla, aikin gona, ilimin koyarwa, harsuna, tarihi, labarin ƙasa, duk karatu ne na gaske. Wanda ya nemi likitanci da 220 yana fatan a tura shi wani sashe ya bar makomarsa a hannun sa'a, domin sashen da yake hange shi ma yana da mutanen da suka zaɓe shi kai tsaye.

Ta fuskar kuɗi, an ƙara na rajista sosai a 2023, amma har yanzu bai kama ƙafar na jami'o'in kuɗi ba, kuma tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati. Babbar ribar ita ce yaro zai kwana a gida ya ci tuwon gida. Sai dai a lissafa kuɗin adaidaita sahu. Mai zuwa sabon matsuguni daga Hotoro ko Kurna kullum, abin da zai kashe a mota a shekara ba ƙarami ba ne. Haɗarin kuwa kowa ya san shi: yajin aikin ASUU na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 ma ya kai wata tara.

Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

An kafa ta a 1962, tana da Samaru da Kongo, asibitin koyarwarta yana Shika. Girmanta yana nufin kwasa-kwasai masu yawa, wasu ma da suka yi suna a can tun da daɗewa, kamar zanen gine-gine, likitancin dabbobi da harhaɗa magunguna. Amma kada a ɗauka guje wa cunkoson BUK ne. Kewayen ABU ya game jihohin Arewa baki ɗaya, don haka kashi 35 ɗin nan da 'yan Kwara, Kogi, Binuwai da Filato za ka raba shi. Ga mai neman kwas mai zafi, damarsa a Zariya ba ta fi ta Kano ba, sau da yawa ma ta fi ƙunci.

Kuɗin makaranta kusan tafiyarsu ɗaya da BUK, amma a ƙara wurin kwana, abinci da zirga-zirga. Ɗakunan kwanan ɗalibai ba sa isa, haya a Samaru kuma nauyi ce a kan uba. Yajin aiki iri ɗaya ne. Ina ba da shawarar ABU ga wanda kwas ɗin da yake so ya fi ƙarfi a can, ko yake da 'yan uwa a Zariya da za su riƙe shi.

Bari in tsaya a nan in faɗi wani abu da yake cin yara. Sanya BUK zaɓin farko, ABU na biyu, kusan daidai yake da barin gurbin na biyun a fili. Manyan jami'o'in nan masu zaɓin farko ma sun fi ƙarfinsu. Wanda yake son wata jami'a ta duba shi, sai ya je cibiyar JAMB da aka amince da ita ya mayar da ita zaɓin farko. Kuma Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda aka kafa a 2011, da ta Dutsin-Ma, da Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Azare, duk suna kusa da mu, amma 'yan birni sukan manta da su kamar ba na tarayya ba ne.

Jami'o'in Jihar Kano

Akwai ta Wudil, wadda aka buɗe a 2001, yanzu ake kiranta Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, sai Northwest da aka kafa a 2012, wadda mutane da yawa suka sani da sunan Yusuf Maitama Sule, mai reshe a Gidan Ado Bayero da ke Ƙofar Nassarawa. A nan ne takardar shaidar ƙaramar hukuma take da nauyi na gaske, domin an gina su ne don 'yan jihar. Ga mai maki 170 zuwa 220, dama a nan ta fi ta ko'ina cikin jami'o'in gwamnati. Wudil ta fi karkata ga injiniya, kimiyya, kwamfuta da noma. Northwest ta fi faɗi ta ɓangaren fannoni, kuma tana cikin gari.

Ina jin takaicin yadda wasu iyaye suke yatsine fuska idan an ambaci jami'ar jiha. Yaro ya samu injiniya a Wudil, a hana shi, a ce ya jira BUK baɗi. Baɗi ta zo, maki ya ragu. Digirin da NUC da COREN suka amince da shi, sunansa digiri, bautar ƙasa ɗaya za a je. A 2023 gwamnatin jiha ta rage kuɗin rajista da rabi ga 'yan asalin jihar a manyan makarantunta, wanda ya sa wannan hanya ta zama mafi sauƙi ga aljihun talaka. Abin lura biyu ne. Wudil tafiya ce ta kusan kilomita 40, zuwa da dawowa kullum yana gajiyar da ɗalibi, don haka a yi tunanin wurin kwana. Sannan kwasa-kwasan lafiya da lauya a jami'ar jiha su ma suna da ƙayyadadden adadi, rububinsu bai bambanta da na tarayya sosai ba.

Jami'o'in kuɗi

Cikin 'yan shekarun nan sun yawaita a Kano: Skyline, Maryam Abacha, Khalifa Isyaku Rabiu, Al-Istiqama ta Sumaila da wasunsu. Dama a nan tana da faɗi ga wanda ya cika sharaɗin kiredit da mafi ƙarancin maki. Babu yajin ASUU, shekara huɗu shekara huɗu ce, wannan kuma ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga 'ya mace da ake son ta kammala a kan lokaci. Kuɗin ne dutse. Kwasa-kwasan lafiya sukan kai miliyoyin naira a shekara, kuma ba a kan farashin shekarar farko ake tsayawa ba. Uba ya lissafa kuɗin shekarun duka, ya ƙara wani abu a kai, ya tambayi kansa ko kasuwa ta juya zai iya ci gaba. Cire yaro a aji uku saboda kuɗi ya fi rashin farawa ciwo.

Tunda yawancinsu sababbi ne, aikin uba ne ya bincika kwas ɗin da kansa, ba jami'ar kawai ba. Izinin buɗe jami'a daban, amincewa da kwas daban, amincewar hukumar sana'a kuma daban. A nemi ganin sunan a jerin NUC da na hukumar da abin ya shafa kafin a biya ko sisi. Wannan gargaɗin ya shafi masu hangen waje ma. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dawo da ɗalibanmu da yawa gida karatu a katse, a farkon 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma duk wanda ya karanta likitanci a waje sai ya ci jarabawar MDCN kafin ya taɓa majiyyaci a Najeriya.

IJMB da sauran hanyoyin shiga aji biyu

Wannan ita ce hanyar da aka fi rainawa, ni kuwa ina ganin ƙimarta. IJMB shiri ne da ke ƙarƙashin ABU, ana karanta darussa uku na kimanin shekara guda, wanda ya ci sai ya sayi fom ɗin shiga kai tsaye na JAMB ya nemi aji biyu. A Kano an daɗe da sanin kwalejin share fagen shiga jami'a ta CAS da wannan aiki, ABU kuma tana da makarantar share fage a Funtuwa. Mai difloma daga Kwalejin Fasaha ta Kano ko mai NCE shi ma ta wannan ƙofa yake shiga. Amfaninta shi ne shekarar da za a yi ana jira ba ta tafi a banza ba, kuma sakamakon UTME na shekara ɗaya ne tak, na IJMB kuwa yana nan a hannu. Yaron da ya yi IJMB da gaske yakan shiga jami'a ya fi takwarorinsa tsayuwa da ƙafarsa.

Amma kada a yaudari kai. Guraben aji biyu a likitanci da lauya sun fi na aji ɗaya ƙaranci, sai wanda ya tashi da sakamako na ƙoli. Kuma a nan 'yan damfara suka fi kafa tarko. Wani ɗalibina ya taɓa biyan kuɗi a wata cibiya da ke cikin wani gida mai hawa ɗaya, ya yi wata tara yana zuwa, daga baya aka gano ba ta da rajista. Mahaifiyarsa dabbobinta ta sayar ta biya. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci. Dabara mafi aminci ita ce a yi IJMB a makarantar da aka sani, a kuma sake rubuta UTME a shekarar, a riƙe igiya biyu.

| Hanya | Dama a kwas mai zafi | Dama a sauran kwasa-kwasai | Kuɗi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| BUK | Ƙunci ƙwarai | Mai kyau daga 200 zuwa sama | Matsakaici, ana kwana a gida | Yajin aiki, rasa shekara |
| ABU | Ƙunci ƙwarai | Matsakaiciya | Matsakaici, da kuɗin zama | Yajin aiki, wurin kwana |
| Jami'o'in jiha | Ƙunci | Mafi faɗi ga ɗan jiha | Mafi sauƙi | Yajin aiki, zirga-zirgar Wudil |
| Jami'o'in kuɗi | Da sauƙi idan akwai gurbi | A buɗe | Mai nauyi sosai | Katsewar kuɗi, kwas marar amincewa |
| IJMB, difloma, NCE | Ƙunci ƙwarai | Mai kyau | Matsakaici | Cibiyar bogi, rashin cin maki |

Duk hanyar da aka bi, tun 2017 gurbi ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa. Ɗalibi ya tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a can, ya riƙa dubawa, idan an ba shi ya karɓa a kan lokaci. Lambar waya da imel ɗin da aka yi rajista da su su zama nasa, kada a bar su a hannun mai shagon kwamfuta. Duk wanda ya ce kawo kuɗi yana da hanya a ciki, a tambaye shi ko sunan zai fito a CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba yakan dawo ya hana mutum tafiya bautar ƙasa bayan ya gama wahalar shekara huɗu.

Wa ya dace da wace?

Mai maki 280 zuwa sama da kiredit masu kyau a zama ɗaya, wanda likitanci ko harhaɗa magunguna yake so, ya sa BUK zaɓin farko ya shirya wa tantancewar da take yi bayan JAMB da gaske, amma ya sa a ransa cewa ko da wannan makin ba alƙawari aka yi masa ba. Mai 240 zuwa 270 da ya dage sai fannin lafiya, ya duba Dutse, Azare da Northwest, ko ya karkata zuwa sauran kwasa-kwasan lafiya da ba likitanci ba. Mai 200 zuwa 240 da sunan BUK ya fi damunsa fiye da kwas, ya sauya kwas tun kafin a rufe. Wanda kwas ɗin ne a ransa, injiniya ko kwamfuta, ya nufi Wudil kai tsaye ba tare da jin kunya ba.

Mai ƙasa da 200 daga gidan da ake lissafin kuɗin cefane, jami'ar jiha ko difloma da NCE su ne nasa, daga baya ya shiga aji biyu. Gidan da Allah ya hore wa, kuma lokaci ya fi kuɗi tsada a wurinsu, jami'ar kuɗi ta dace da su bayan sun ga takardar amincewa da idonsu. 'Ya mace da iyayenta ba sa son ta kwana a waje tana da BUK, Northwest da na kuɗin da ke cikin gari. Shi kuwa yaro ɗan shekara 16 ko 17 da malamansa suka shaida ya fi makin da ya samu, yana da sararin sake gwadawa sau ɗaya, da sharaɗin ya yi shekarar a ajin IJMB, ya kuma riƙa zama gaban kwamfuta yana gwada amsa tambaya 180 cikin awa biyu har hannunsa ya saba.